Ɗana mai galahanga ba ya kashi sai an saka masa pampas, ya zan yi?

Maman Abba:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema wurin iyayen da suka bi ta wannan hanya, da duk wanda Allah ya ba sani a kai.

Ɗana Abba shekararsa biyar, yana da lalurar galahanga, wato otizim, likita ya tabbatar mana tun yana shekara uku. Maganarsa ba ta wuce 'yan kalmomi: "ruwa", "mama", "a'a". In yana son abu, hannuna yake kamawa ya ja ni har wurin. Amma yana gane magana fiye da yadda mutane ke zato, musamman in gajera ce.

Fitsari mun ɗan samo kansa. In na kai shi banɗaki da kaina na sauke masa wando, yakan yi a tsaye. Sai dai shi da kansa bai taɓa nuna min yana ji ba. In na shagala da aiki, sai dai in ga wando sharkaf, shi kuwa ko a jikinsa, wasansa yake ci gaba da yi.

Kashi ne ya gagare ni. Abba ba zai yi ba sai da pampas. Da kansa zai je ya ɗauko a inda nake ajiyewa ya miƙo min. In na saka masa, sai ya wuce bayan labulen ɗaki, wuri ɗaya kullum, ya yi ɗage a kan yatsun ƙafa, ya dafa bango, ya yi abinsa. In na hana shi, sai ya riƙe. Kuma riƙewar ba ta wasa ba ce, zai harɗe ƙafafu ya sandare, gumi ya karyo masa, ya ƙi abinci, kwanaki suna tafiya. Ranar da zai fito kuwa da kuka yake fita, ga girma ga tauri. Kwanan nan kuma wani sabon abu ya ɓullo: ina ganin ɗan ruwa-ruwan kashi a wandonsa sau da dama a yini, ba mai yawa ba, amma ga wari. Babansa ya ce da gangan yake yi. Ni dai zuciyata ba ta yarda ba, don da ganin yaron bai ma san ya fito ba.

Fo ko kallonsa ba ya son yi. Masai na zama in na ɗora shi, ƙanƙame ni yake yana ihu, jikinsa na rawa. In aka ja ruwa, sai ya toshe kunne ya fita da gudu.

Makarantar da muke so ya shiga sun ce sai ya daina pampas. Dangi kuma kowa da tasa, wannan ta ce na sangarta shi, waccan ta ce ai ga ƙaninsa bai kai uku ba ya daina. Tambayata biyu ce. In kwashe pampas ɗin gaba ɗaya in daure wa kukan, ko akwai wata hanya? Sannan wannan ruwa-ruwan na wando, in ba shi maganin gudawa?

Kakar 'Yan Biyu:

Wa'alaikumus salam. 'Yata, sannu da ƙoƙari, Allah ya ba ki ladan raino. Ni a nawa ganin pampas ɗin nan shi ne matsalar. Yaro in ya san akwai, ba zai bari ba. Ki kwashe su daga gidan ya nema ya rasa, ai ciki ba ya riƙe abu har abada. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Na raini 'ya'ya na raini jikoki, duk haka muka yi. Allah ya ba shi lafiya.

Ummu Hanan:

Maman Abba, kafin komai: kada ki ba shi maganin gudawa. Ni ma'aikaciyar jinya ce a sashen yara, kuma abin da kika zayyana ya fi kama da cushewar ciki, ba gudawa ba. Maganin gudawa ƙara ɗaure cikin zai yi.

Hajiya, a gafarce ni, zan ɗan saɓa. Shawarar tana yi wa yara da yawa, amma yaron da ya riga ya iya riƙe kashi na kwanaki, in aka ɗauke masa hanya ɗaya tilo da ya yarda da ita, riƙewar zai ƙara. Kuma cikin yaro yana iya riƙewa fiye da yadda muke tsammani.

Ga yadda abin yake faruwa. Aikin babban hanji shi ne tsotse ruwa daga kashi. Iya daɗewar da kashi ya yi a ciki, iya bushewarsa da taurinsa. Ranar da ya fito sai ya ji wa yaro ciwo, wani lokaci har ya ɗan tsaga fatar dubura. Yaro ya haddace cewa kashi ciwo ne, gobe sai ya ƙara riƙewa, na goben ya fi na jiya tauri. In aka daɗe a haka, ƙarshen hanji ya saba da zama cike, ya buɗe, har ya daina aika wa ƙwaƙwalwa saƙon "lokaci ya yi". Sai sabon kashi mai laushi da ke tahowa daga sama ya zagaye wancan dunƙulen mai tauri ya riƙa zubowa a wando. Yaron ba ya jin fitarsa. Don Allah ki karanta wa Baban Abba wannan, ba ganganci ba ne. Kuma hanjin da ya cika yana danne mafitsara, don haka kada ki yi mamaki in jiƙa wandon da yake yi ma yana da alaƙa da wannan.

Yara masu otizim sun fi sauran yara fama da taurin bayan gida. Da yawansu abinci kala biyu ko uku kawai suke yarda su ci, ba sa shan ruwa sosai, ga tsoron banɗaki.

Ki kai shi wurin likitan yara ya duba cikin. Kafin ranar, ki samu takarda ki riƙa rubuta ranar da ya yi kashi, da lokacin, da kamanninsa, da duk sanda kika ga ɓaci a wando. Akwai wani jadawalin hotuna da likitoci suka fitar a birnin Bristol na Ingila a 1997, ya kasa kashi gida bakwai, za ki same shi a intanet. Na 1 ƙananan dunƙule ne masu tauri kamar kashin awaki, na 2 dunƙulallun ne a manne da juna, duka biyun alamar tauri ce. Na 3 da na 4 su ake so. Na 6 da na 7 ruwa-ruwa ne. In kika ce wa likita "yawanci na 1 yake yi, sau biyu a mako, ga ɓacin wando kullum", kin rage masa rabin aiki. Yaron da ke yin ƙasa da sau uku a mako dama abin dubawa ne.

Maganin da aka fi farawa da shi a yara shi ne macrogol, gari ne da ake damawa a ruwa, aikinsa riƙe ruwa a cikin kashi don ya yi laushi. Inda babu shi akan ba da lactulose. Likita ne zai faɗi adadin, ba mai kemis ba, ba maƙwabciya ba. Abin da iyaye suka fi yi shi ne su daina da zarar yaro ya yi kashi mai laushi sau ɗaya. Hanjin da ya buɗe yana ɗaukar watanni kafin ya koma yadda yake, shi ya sa ake ci gaba da maganin har sai likita ya ce a fara ragewa. Kada kuma a tura masa komai ta dubura a gida, yaron da dama yake tsoron wurin. Ruwa kuma kofi 6 zuwa 8 a yini, a rarraba. In kika ga cikinsa ya kumbura yana amai, balle amai kore, ko jini mai yawa, ko zazzaɓi da kuka wajen fitsari, wannan ba na jiran ranar ganin likita ba ne, ku tafi asibiti a lokacin.

Yanzu dai in ya kawo miki pampas, ki saka masa ba tare da faɗa ba. Gara ya yi a pampas kullum da ya riƙe.

Baban Nana:

Maman Abba, da na karanta bayan labulen nan sai da na yi murmushi, don tamu bayan kujera take zuwa. 'Yata Nana ma tana da lalurar, yanzu shekararta tara, tana zuwa banɗaki da kanta. Abin da Sista ta faɗa shi muka fara yi, sai da ciki ya saki sannan muka taɓa maganar masai.

Ni abin da na lura, yaran nan ba pampas kaɗai suka riƙe ba. Wurin, da tsayuwar, da matsewar da pampas ke yi wa jiki, duk a haɗe suke a kansu, shi ne "yin kashi". In ka ce yau babu pampas, babu bayan kujera, babu tsayuwa, abu uku ka canja lokaci ɗaya. Mu sai muka riƙa canja ɗaya-ɗaya.

Farko muka mayar da ajiyar pampas ɗin banɗaki. A can ake saka mata, ta fito ta je bayan kujerarta, in ta gama a koma can a cire. Muna juye abin da ke ciki a masai tana gani, mu ce "kashi, masai", kalma biyu kawai. Da ta saba, sai ya zama za a saka mata amma a bakin ƙofar banɗaki za ta yi. Daga nan sai ciki, a tsaye, yadda ta saba. Zama shi ne ya fi ba mu wuya, nan muka fi daɗewa. Mun fara da zama a kan murfin masai a rufe, da kayanta a jiki, ba a neman ta yi komai, ta zauna a ƙirga goma ta tashi. Sannan zama da pampas a lokacin da take jin kashin. Sannan aka buɗe murfin. Sannan mamanta ta fara sassauta maɗaurin, daga baya ta huda ƙasan pampas ɗin da almakashi tun kafin a saka mata, ramin yana ƙara faɗi a hankali, har ya zama ɗan abin da ya rage a ƙugu ne kawai. Akwai lokutan da ta tubure, sai mu koma matakin baya mu zauna a nan har ta huce. Watanni muka yi, ba zan ɓoye miki ba.

Ihun da yake yi in kin ɗora shi, ki duba ƙafarsa. Masai na manya ne, yaro in ya hau ƙafafunsa lilo suke yi, ga rami a ƙarƙashinsa, ji yake zai faɗa. Ki samo ɗan mazaunin yara da ake ɗorawa a kai, wanda ba ya motsi, da wani abin taka ƙafa mai ƙwari, yadda gwiwoyinsa za su ɗan fi ƙugunsa tsawo. Wannan zaman ma shi ya fi sauƙaƙa fitar kashi. Tun da bango yake dafawa, ki ba shi abin da zai riƙe a gabansa, ko da hannunki ne. Jan ruwa kuwa ki bari sai ya fita ya yi nisa. Nana sai da ta girma kafin ta yarda ta ja da kanta, kuma ba mu matsa ba.

Likitanta ya ce mu riƙa zaunar da ita minti 20 zuwa 30 bayan cin abinci, don a lokacin hanji ke motsi da kansa, musamman bayan karin kumallo, kuma kada zaman ya wuce kamar minti biyar. Muna ba ta abin hura kumfa tana hurawa, hurawar tana sa ta yi nishi ba tare da ta sani ba.

Sai lada. Ba "gobe zan saya miki abu" ba, wannan ba ya shiga kanta. A take, kafin ta sauka, kuma abin da ba ta samunsa a wani lokaci. Nana wani ɗan abin wasa mai juyawa take mutuwar so, muka ɓoye shi, ba ya fitowa sai a banɗaki. Tafi da shewa kuwa firgita ta suke yi, sai muka bar su. Ke kika san abin da Abba yake so.

Ki gaishe min da ɗan'uwana Baban Abba, ki ce na ce ya riƙa shiga da yaron wani lokaci. Ɗa namiji yana son ganin yadda uba ke yi.

Maman Abba:

Kai, na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Hajiya na gode da addu'a. Sista, wallahi har na ɗauko maganin gudawar na ajiye, Allah ne ya sa na fara tambaya. Babansa ya karanta, ya yi shiru, daga baya ya ce shi zai kai mu wurin likitan. Baban Nana, Abba makullai yake so, in ya samu tarin makullai yana kaɗawa a kusa da kunne to duniya ta yi masa daɗi. Zan haɗa masa nasa na banɗaki.

Saura fitsarin. Ta yaya yaron da ba ya magana zai faɗa min yana ji? In na tambaye shi "kana jin fitsari?" kullum "a'a" ce amsar, ko da yana rawar matsuwa. Da dare kuma har yanzu pampas yake kwana da shi, yana tashi a cike. Shi ma in fara tashinsa cikin dare?

Malama Mai Allo:

'Yar'uwa, ina koyar da yara masu buƙata ta musamman, bari in sa baki a kan fitsarin.

Ki daina tambaya. "A'a" na cikin kalmomin da ya fi iyawa, kuma tambaya tana ba shi damar ƙi. Ki ce "Abba, banɗaki", ki nuna masa hoto, ku tafi. Kalma ɗaya za ku zaɓa, ke da babansa da duk mai kula da shi, kada wannan ya ce bayi, wancan ya ce fo, wata ta ce zagayawa.

Da yawa daga cikin yaran nan saƙon cikin jiki ba ya isar musu sosai. Yunwa, ƙishirwa, cikar mafitsara, sai abin ya kai maƙura suke ji, wasu kuma suna ji amma ba su san ma'anarsa ba. Shi ya sa ba ma jiran yaro ya nuna "ya shirya". Agogo ne ke fara yi masa aikin, jiki ya biyo baya. Ki ɗauki 'yan kwanaki kina duba wandonsa kowane rabin awa ko awa ɗaya kina rubutawa, a bushe ko a jiƙe. Za ki ga tazararsa. In yakan kai awa ɗaya da rabi a bushe, ki riƙa kai shi kafin lokacin ya cika kaɗan. Ana ƙiyasta abin da mafitsarar yaro ke ɗauka da shekarunsa a ƙara ɗaya a ninka da 30, na ɗan shekara biyar ya kama mililita 180, bai kai cikin kofi babba ba. Yaro mai lafiya yakan yi fitsari sau 4 zuwa 7 a yini. Don haka kada ki rage masa ruwa don gudun jiƙa wando, kuma kada ki riƙa kai shi kowane minti goma har abada, mafitsara tana buƙatar ta koyi cika.

Wannan tsari na ƙara ruwa, zaunarwa a kan lokaci, da lada nan take, ya samo asali ne daga aikin wasu masana halayyar ɗan Adam biyu a Amurka, Nathan Azrin da Richard Foxx, da suka wallafa a 1971 bayan sun gwada shi a kan manya masu naƙasar fahimta. A nasu tsarin akwai horo in an yi a wando. Mu wannan ɓangaren mun ajiye shi. In ya jiƙa, fuskarki ba yabo ba fallasa, ki ce "fitsari, banɗaki", ku je a canja a can. Wasu yaran faɗan ma burge su yake, sai su maimaita don su ga yadda fuskar mama ke canjawa.

Da rana ki sa masa ɗan kamfai na auduga. Pampas na shanye ruwa har yaro bai san ya jiƙe ba. In za ku fita, kamfan a ciki, pampas a sama.

Maganar faɗa miki kuwa, hoto ne bakinsa. Ki ɗauki hoton masanku na gida da waya, ba zanen wani ba, a wanke miki shi ƙarami, ki manna a inda hannunsa ke kaiwa. Duk sanda za ku tafi, ki kama hannunsa ya ciro hoton ya miƙa miki, sannan ki ce "banɗaki" ku wuce. A hankali ki rage taimakon, daga kama hannu zuwa taɓa gwiwar hannu, zuwa nuni kawai. Wannan dabarar musayar hoto ana ce mata PECS, Andy Bondy da Lori Frost ne suka ƙirƙiro ta a 1985. Kuma ki lura, yaron da ke ɗauko pampas ya miƙo miki ya riga ya iya abin, hoton ne kawai zai maye gurbin pampas ɗin. A cikin banɗakin kuma ki jera hotunan matakai a bango: sauke wando, zama, wankewa, ɗaga wando, wanke hannu. Wando mai roba, ba mai maɓalli ko zif ba. Ni da zan so ma ya riƙa fitsarin a zaune a yanzu, don ya saba da zaman da kuke nema wajen kashi.

In ya iya a gida, kada ki ɗauka ya iya ko'ina. Banɗakin gidan kakarsa wani sabon darasi ne a wurinsa, na makaranta ma haka. Ki riƙa tafiya da hoton da mazauninsa. Makarantar kuma ku je ku zauna da su da takardar likita, ku nuna musu jadawalin lokutan kai shi banɗaki, ku tambaya ko akwai wanda zai riƙa kai shi a kan lokaci. Wasu in sun ga tsari a rubuce sukan sassauta.

Na dare ki bar shi tukuna. Kwana a bushe ba koyarwa ake yi ba, yana da alaƙa da wani sinadari mai suna vasopressin da jiki ke ƙara fitarwa da dare don rage yawan fitsari, da kuma iya farkawa in mafitsara ta cika. Likitoci ba sa ma ɗaukar fitsarin kwance a matsayin matsala kafin shekara biyar, kuma Abba yanzu ya kai. Tashinsa cikin dare barcinku kawai zai ɓata, yaran nan kuwa dama barci na ba su wahala. Sau da yawa in cushewar ciki ta warware, na daren ma yana raguwa.

Kakar 'Yan Biyu:

To, na ji bayanin Sista, a kai shi asibitin, lafiya ita ce gaba. Amma dai 'yata kada a miƙe ƙafa, a sa rana a fara matakan nan na Baban Nana. Masu cewa kin sangarta shi kuma ki ce su zo su yini da shi.

Ummu Hanan:

Hajiya ta yi gaskiya, da zarar kashin ya yi laushi yana fita kullum ba kuka, a fara. Abu ɗaya na manta, Maman Abba. In likita ya ga akwai tarin kashi a ciki, zai fara da adadin magani mai yawa na 'yan kwanaki don a wanke hanjin. A kwanakin nan ɓacin wando ƙaruwa zai yi kafin ya ragu, kashin zai yi ruwa sosai. Kada ki tsorata ki daina, ki tanadi pampas da yawa, ki shafa masa man kariya a mazaunai don kada fata ta saɓule, ku zauna a gida. In ya ƙi shan maganin saboda ɗanɗano, ki dama shi a adadin ruwan da aka rubuta, sannan ki ƙara a cikin abin shan da ya saba da shi, a kofin da ya saba, ya sha kaɗan-kaɗan. Ki tafi da takardar rubutunki ranar ganin likitan.